Bushiya a Bakin Kogon Kuka

A gidanmu na Madarunfa tabarmar tatsuniya ɗaya ce, kuma ba ta taɓa cika ba. Bayan sallar isha'i kakata, Iya Tabawa, takan zauna bakin murhu tana gasa mana gyaɗa, mu jikoki mu kewaye ta. In ɗan maƙwabta ya leƙo, kalma biyu ce maganarta: "Ku muskuta." Kowa ya ja gwiwa, wuri ya samu. Ni take kira maigidanta, tana tsokanata wai ina baje ƙafa kamar ni na saƙa tabarmar.

Akwai tatsuniyar da ta fi yawan ba mu. Ruwa ya tsuge, dabbobi suka fake a kogon kuka. Zomo ya ɗauki tsinke ya shata wa kowa wurinsa daidai jikinsa. Can sai ga bushiya, jiƙe sharkaf. Zomo ya duba zanensa ya ce babu gurbinta, ta kwana cikin ruwa.

"Wa ya hana su muskutawa?" in ji Iya.

Mu ce, "Zane!"

"Zane na da baki, ɗiyana?"

Yau a Yamai aikina rubuta lojisiyel, wato manhaja, ina jera maɓallai da akwatunan rubutu cikin tagar ordinatar, wato kwamfuta. In ka kafe kowanne da awo, ranar da aka ƙaro ɗaya ko taga ta ƙanƙance sai su hau kan juna. Shi ya sa muke barin su ga sashen lojisiyel mai tsara wuri, mu ba shi ƙa'ida kawai: ku jeru, in baƙo ya zo ku matsa. Har takwarorina nake yi wa faɗa a kan haka.

Watan jiya kawuna Sale ya kira ni. Ya ce idon Iya na son aiki a asibitin Yamai, za ta zauna wurina har ta warke. Na ce ɗaki biyu gare ni, ɗaya namu da yara, ɗaya na teburin aiki. Ba ƙarya na yi ba, zomo ma bai yi ba.

Shekaranjiya ya sake kira, ya ce ga saƙonta: "Ka hwaɗa ma maigidana kar shi damu. Ni bushiya ce, dunƙulewa nika yi."

Kunya ta rufe ni. Na ajiye wayar, na tashi na kama teburin na ja. Ashe ko nauyi ba shi da shi.