Kwamfutar da Aka Aiko wa Kawu

A danginmu ni ake kira idan wani abu mai allo ya ƙi aiki. Ban karanta kwamfuta ba. Tarihi nake koyarwa a wata sakandare a Maradun, ina kwana a Talata Mafara. Amma na taɓa zaman shagon buga takardu na wani abokina a lokacin hutu, ina kuma sa tabarau, sai magana ta zauna a haka.

Kawuna, yayan mahaifiyata, yana Bakura. Ya yi aikin kula da magudanan ruwan Bakolori har ya yi ritaya, ya koma noman albasa da shinkafa. 'Yarsa ta fari tana Jamus tare da mijinta da ke karatu a can. Ita taubashiyata ce, tun muna yara ba mu haɗu mun rabu ba tare da ta tsokane ni ba. Kawu kuwa, saboda kunyar 'yar fari, ban taɓa jin sunanta a bakinsa ba. "Waccan" yake cewa. Mijinta kuma "mutanen can", kamar suna da yawa.

Da ta haihu aka turo hotuna ta waya. Inna, matar Kawu, ta zagaya unguwa da wayar. Da aka miƙa wa Kawu ya riƙe ta nesa, ya matso da ita kusa, ya ce masha Allah, ya mayar. Kowa ya san idonsa ya yi rauni. Abin da ya gani bai wuce farin zane da ɗan duhu a tsakiya ba. Inna ta gaya wa 'yarta. Ba a jima ba wani da ya zo ganin gida ya kawo kwamfutar laftof a cikin jaka, saƙo daga suruki.

Ran Asabar Kawu ya aika a kira ni. Na same shi a zaure. Muka gaisa: kwana, gajiya, iyali, makaranta, hanya, mahaifiyata da ƙafarta. Sai da gaisuwa ta ƙare tas ya tura jakar gabana.

"Mutanen can sunka aiko da wanga abu," in ji shi. "An ce ana ganin farashin albasa ciki."

Na ce ana gani.

"To ka tada shi."

Inna tana bayan ƙyaure, ta ce, "Ana kuma ganin mutane." Kawu ya duba farcensa.

Na kunna. Allon ya zo da fuskar da ban sani ba. Surukin ya riga ya turo mini saƙon murya, ya ce ya share manhajar da ta zo da ita ya sa Linuks, wai kyauta ce, kowa na iya buɗe cikinta ya gyara, kuma ba ta yi wa tsohuwar kwamfuta nauyi. Ya ce abu ne mai sauƙi: in kunna hosfot a wayata, wato in raba wa kwamfutar intanet ta iska, in danna alamar waifai, shi ke nan.

Na kunna hosfot. Na nemi alamar waifai a sama, a ƙasa, a kowace kusurwa. Babu. Na kashe na kunna. Na sake kashewa na kunna, wannan karon a hankali.

"Ta ƙiya?" in ji Kawu.

"Tana tunani ne, Kawu."

"Injin ban-ruwa in ya ƙi ja, ruwa aka ɗura mai ga baki."

Na ce wannan ba a ɗura mata komai. Ya ce ai ba cewa ya yi a ɗura ba, labari yake ba ni.

Na ce bari in kira surukin. Kawu ya ce a'a. Mutum ya yi maka kyauta, ka buga masa waya ka ce kyautarsa ba ta aiki? Na ce to in kira taubashiyata. Ya ce waccan tana jego, a bar ta. Haka aka rufe ƙofofin biyu, aka bar ni da kwamfuta.

Na ɗaure ta a bayan babur na kai ta Mafara wajen wani mai gyara da ke da shago kusa da tasha. Ya buɗe, ya kalli allon, ya kalle ni.

"Wa ya sa maka wannan?"

"Daga waje aka aiko."

"Shi ya sa." Ya ce maganinta fomatin. A share komai, a sa wadda kowa ke amfani da ita, kafin azahar za ta kama waifai ɗin har na gidan maƙwabta.

Na kira Kawu na gaya masa. Ya ce, "Abin da mutanen can sunka zuba da hannunsu, shi za a zubar?" Na ce kusan haka ne. Ya ce in dawo da ita yadda take.

Mai gyaran bai ji haushi ba. Yana mayar da ita jaka ya lura da wani ɗan makunni a gefenta, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ya ture shi da farce, wata 'yar fitila ta kama. Ya ce wannan shi ke kashe waifai gaba ɗaya, wataƙila jaka ce ta ture shi a hanya. Muka duba allon tare. Alamar ba ta fito ba. Ya ce to aƙalla yanzu fitila na kamawa. Na yi godiya na tafi da fitilata.

A makarantarmu akwai wata malamar lissafi da ta yi amfani da irin wannan manhaja a jami'a. Na kai mata lokacin hutun tara. Ta buɗe wani baƙin allo, ta rubuta kalmomi biyu uku, rubutu ya zubo. Ta ce na'urar waifai ɗin tana nan lafiya, kwamfutar ma ta gan ta, ba ta dai san yaren da za ta yi mata magana ba. Akwai wata 'yar manhaja da ake kira direba, ita ce tafinta tsakaninsu, kuma ba a sa ta ba.

"A ina ake samun ta?"

"A intanet."

"Da me za ta shiga intanet ɗin?"

"Da waifai," in ji ta, ta ci gaba da cin gyaɗarta.

Na zauna ina kallonta. Sai da ta gama ta ce akwai wata hanya. A haɗa waya da kwamfuta da igiyar caji, a ba ta intanet ta igiya, ta sauko da direban da kanta. Ta nuna mini inda zan shiga da abin da zan danna. A makarantar kuwa ba a samun sabis sai an hau tudun bayan ɗakin gwaji, ga shi an buga ƙararrawa.

Da yamma a gida na gwada da igiyata. Waya ta hau caji, kwamfuta ba ta ce komai ba. Na ari ta matata, haka. Na ari ta maƙwabci, haka. Washegari malamar ta ce igiyoyin kasuwa da yawa wuta kawai suke ɗauka, ba sa ɗaukar magana. Ta cire tata daga jaka ta ba ni, ta ce ita ce ta zo da wayarta a kwali, kuma tana son abarta.

Na so in ƙarasa aikin a Mafara, inda sabis ke da ɗan ƙarfi. Kawu ya ce a yi a gabansa. Asabar ta zagayo na koma Bakura. A cikin gidansa sabis na shigowa ne kamar baƙon da bai tabbata an gayyace shi ba, don haka muka fita gona, muka zauna kan gaɓar babbar magudana, ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya. Ni da kwamfuta a cinya, shi da waya a hannu, ya ɗaga ta iya tsawon igiya.

Na yi masa bayanin direba.

"Direba," ya ce. "To ita da wa taz zo tun daga can?"

Na ce ba irin wannan ba. Ya ce ya gane.

Wani ɗan layi ya fara cika a allon. Yana tafiya, yana tsayawa. Masu wucewa zuwa fadama suna yi mana sallama, suna tambaya ko lafiya, Kawu yana amsawa da hannu ɗaya a sama. Hannun ya gaji ya sauya. Wani tsohon abokin aikinsa ya tsaya da kekensa ya tambayi me ake yi. Kawu ya ce direba muke jira. Mutumin ya duba hanya, ya ce Allah ya kawo shi lafiya, ya wuce.

Layin ya cika. Na kashe na kunna. A kusurwar sama wata alama mai kama da mafici ta fito. Na danna, ga sunan wayata. Na zaɓe shi.

Ta nemi kalmar sirri. Tawa ba wani sirri ba ne, sunan jiharmu ne da shekarar da na yi aure. Na rubuta. Ta juya, ta juya, ta ce ba daidai ba. Na sake rubutawa da yatsa ɗaya. Ta ce ba daidai ba. Na duba a waya, harafi bayan harafi, na kwafa. Ta ƙi. Na fara shakkar shekarar auren.

Abin da nake rubutawa ɗigo-ɗigo yake fitowa, don kada na kusa ya gani. Can na lura da wani ɗan akwati da ke cewa a nuna rubutun. Na danna. Abin da na yi ta rubutawa tun ɗazu shi ne "yamfara". Surukin ya saita madannan irin na Jamusawa, su kuma a wajensu inda muke da z nan suke da y. Na danna y, z ta fito. Na gyara. Maficin ya cika.

"Ta kama," na ce.

Kawu ya sauke hannunsa. Ya ce to a duba albasa.

Na nemo masa abin da na samu, wani tsohon labari kan kasuwar albasa. Na ƙara girman rubutun, ya saurara ina karantawa, ya ce wanda ya rubuta bai taɓa sayar da buhu ɗaya ba. Daga nan ya miƙe ya kakkaɓe riga. Muna tafiya ya ce, ba tare da ya dube ni ba, Inna tana ta damunsa da zancen ganin mutane, ko zan taimaka mata.

A cikin gida mun gano cewa in an ɗora waya a kan rumbu tana samun sabis daidai gwargwado. Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka ɗora kwamfuta kan turmi, aka jawo mata wuta daga ɗaki. Inna ta sa sabon mayafi. Kawu ya zauna a kujerarsa can gefe, ya ba allon kafaɗa, ya kunna rediyo ƙasa-ƙasa.

Na kira. Fuskar taubashiyata ta cika allon.

"Injiniya," ta ce. "An ce kai ka riƙe ta tun da ta iso. Na ce ai shi ke nan, sai yaron ya fara tafiya."

Na gaya mata abin da na sha. Ta ce mijinta bai taɓa amfani da waifai ɗinta ba, kullum igiya yake soka mata a tebur, kuma ya sa manhajar ne ana gobe za a tafi da ita. Na ji muryarsa daga baya yana ba da haƙuri. Na ce ba komai.

Inna ta karɓe zancen. Suka gaisa, suka yi kuka kaɗan, suka koma kan kunun kanwa da ko ana samun ruwan zafi isasshe a can. Sai taubashiyata ta ce, "Ina wuni, Baba." Kawu ya ce wa rediyonsa lahiya lau. Surukin ya leƙo ya durƙusa, har ya fita daga allon, sai saman hularsa ake gani. Kawu ya amsa masa shi ma, ya yi godiyar saƙo, ya ce yana aiki sosai.

Aka ɗago jaririn. Ta matso da shi har fuskarsa ta cika allon, ta fi girman faranti. Yana motsa baki, idonsa a buɗe. Inna ta fara yi masa kirari. Na ji rediyo ya mutu. Ban waiwaya ba, amma na ji ƙafar kujera tana jan ƙasa.

A daidai nan aka ɗauke wuta. Kwamfutar ta koma kan batirinta, allon ya ɗan dushe, maficin ya zama fanko. Daga baya malamar lissafi ta gaya mini cewa dabara ce ta tattalin batir, da zarar an cire caji sai ta rage wa waifai ƙarfi, kuma ta nuna mini yadda ake hana ta. A ranar dai ban sani ba. Murya ta yanke, hoton ya tsaya cak a kan fuskar yaron, baki a ɗan buɗe, hannu ɗaya kusa da kunne.

Na miƙa hannu zan gyara.

"Bar ta," in ji Kawu.

Ya riga ya iso bakin tabarma. Ya sunkuya, ya dafa gwiwoyinsa, ya kawo fuskarsa dab da allon. Ya daɗe a haka. Inna ta tashi ta shiga madafa, ni kuma na sauko da wayata daga kan rumbu na duƙufa kanta kamar ina neman wani abu.

Da ya ɗago ya ce, "Kunnuwan namu na."

Na ce haka ne.

Ya tambaya ko hoton zai zauna in an rufe murfin. Na ce ba zai zauna ba, amma zan sa a turo wani in ɗora masa a fuskar kwamfutar, duk lokacin da ya buɗe ya gani. Ya ce ba sai an wahalar da kowa ba. Sannan ya ce in za a turo, a turo wanda idon ke buɗe.

Na bar Bakura da sauran rana saboda hanya. Ran Litinin na mayar wa malamar lissafi igiyarta. Ta jujjuya ta, ta duba bakinta, ta sa a jaka.