Sitiyari a Hagu, Birki a Dama

Cikin duk ranakun da na yi a aikin kargo, wadda ta ƙi fita daga raina ita ce ranar da muka yi lodin motar Dakta Sulaiman. Wata Alhamis ce, a shekarar da zirga-zirga ta dawo bayan korona. Lokacin ni ne jami'in lodi a sitonmu na unguwar Sentul, nan ƙasar waje. Ba a daɗe da ƙara mini girma ba, ina ji da kaina sosai.

Ku da kuka shigo aikin kwanan nan, ga yadda tsarin yake. Ɗalibanmu da suka gama karatu sukan haɗa kayansu a kwantena ɗaya. Tirela ta kawo kwantenar ta sauke a harabar sito, mu cika, mu ɗaure, mu rufe. Dole ta shiga tashar jirgin ruwa kafin a daina karɓar kaya, in ta makara sai wani jirgin. In akwai mota, ita ake sawa a ƙarshe. A zuƙe manta a bar ɗan abin da zai hau da ita, kuma ma'aikacinmu kaɗai ke tuƙa ta ciki. Wannan doka ta ƙarshe, Madam mai kamfanin ba ta wasa da ita.

Dakta Sulaiman digirinsa na uku a kan abincin kaji ya yi, bai haɗa komai da kanikanci ba. Amma tun zuwansa ya tsinto wata tsohuwar motar Amurka a wajen masu gwangwan, irin mai ƙofa biyu da dogon gaba da ƙaton inji. Tsatsa ta cinye ta, in ka leƙa ta taga kana hango ƙasa ta ƙarƙashin kujera. Ya girke ta a ƙofar gidansu na haya a unguwar Cheras, yana kallon bidiyo a waya yana kwancewa yana ɗaurawa, har karatun ya ƙare. Matarsa, Maman Hanifa, ita ta sha wahalar. Motar ta cinye wajen shanya, sai a falo ake baza wanki. Babbar tukunyarta ta suya ta koma wajen jiƙa notuna. Duk Hausawan Cheras sun san ba ta ko son a ambaci motar nan.

Matsala ɗaya ce. Wanda ya fara mallakarta ya mayar da sitiyarin dama, yadda ake tuƙi a nan, mu kuwa a gida ba a yarda da mai sitiyari a dama ba. Tun da wuri na faɗa wa Dakta. Ya ce, "No problem, Malam Nasiru, boleh," wato zai yiwu, a yaren mutanen nan.

Ranar lodi motar janwe ta kawo ta, ja wur, tana ƙyalli, har na sara wa mutumin a raina. Na leƙa ciki. Sitiyari ya koma hagu, ba shakka. Birki da totur kuwa suna nan zaune a dama abinsu.

Na ce, "Dakta, wannan fa?"

Ya ce, "Time ne ya ƙure mini. Sitiyarin na samu na mayar, sauran sai an je Kano. Ai dokar sitiyari ta ce, ba ta ce birki ba."

Takardu sun riga sun tafi da sunan motar a ciki, ba zan rufe kwantena babu ita ba. Ina shirin kiran ma'aikata mu tura ta, sai Dakta ya ja ni gefe. Ya ce tunda ya gama ta bai taɓa motsa ta ko taku ɗaya ba, don babu mai taka masa. In bar shi ya shigar da ita da kansa, daga nan zuwa bakin kwantena kawai. Idonsa ya ciko. Madam ta fita cin abinci. Tausayi ya kama ni, kuma in faɗi gaskiya, na so a san ni ma ina da ikon cewa to. Na ce to, amma wa zai taka?

Maman Hanifa tana tsaye gefe da lema, tun zuwansu ba ta ce uffan ba. Sai ta naɗe lemar ta miƙo mini.

"Riƙe mini, Malam Nasiru. Ni zan taka."

Ta zauna dama, shi hagu. Giyar otomatik ce, tana tsakiya, ya ja. Injin ya tashi da wani irin ruri kamar an kunna injinan niƙa na unguwa guda. Motar ta taho a hankali, ina gaba ina yi musu hannu. Da suka kusa, Dakta ya ce, "Yauwa, Maman Hanifa, birki."

Sai ta taka totur.

Na yi tsalle gefe. Dakta ya murɗa sitiyari don kada su daki kwantena, ƙofar harabar kuwa a buɗe take. Kafin in miƙe sun hau titi, mota babu lamba, babu inshora, kuma ni na ba da izini. Direban tirela ya nuna mini agogonsa ya ce, "Bos, port closing lah," wato an kusa rufe tashar jirgin. Cikin kwantenar nan akwai kayan iyalai da dama waɗanda tikitinsu na komawa gida yana hannu. Na fizgi babur ɗin mai gadi na bi hayaƙi.

A shataletalen da ke bayan layinmu na same su. Duk hanyoyin fita cike suke da motoci, ita kuma ta ƙi rage gudu, don haka Dakta ba shi da abin yi sai zagaye. Na tsaya a bakin hanya, maganarmu sai in sun zo wucewa.

Ya leƙo ya ce, "Malam Nasiru, ka yi mata magana!"

Da suka sake zagayowa na ɗaga murya, "Hajiya, don girman Allah!"

Sai da suka kuma dawowa ta amsa, mayafinta yana kaɗawa ta taga. "Shekara nawa ina wanke baƙin mai, sannan a ce daga nan zuwa nan zan hau? Ka juya kawai, Baban Hanifa!"

Masu shan shayi a shagon da ke bakin hanya sun fito da wayoyi suna ɗauka, wasu har da tafi. Ni kuwa ina ta salati. Abin da ya cece ni shi ne ɗan man da muka bari. Motar ta yi tari, ta yi gyatsa, ta gangara gefen hanya ta mutu.

Na ruga ina jiran rigima. Sai na tarar Dakta ya kifa kai a kan sitiyari, kafaɗunsa na rawa, ban san ko dariya ce ko kuka ba. Yana cewa, "Tana tafiya, Maman Hanifa. Wallahi tana tafiya."

Ta gyara mayafinta ta ce, "Da na san ba za ta tafi ba, ai da tuni na kira masu gwangwan su zo su kwashe abarsu."

Masu shayin nan su suka taya mu turawa har cikin kwantena. Tirela ta shiga tasha ana gab da rufewa. Madam kuwa a wayarta ta ga bidiyon komai tun kafin ta gama cin abinci. Na karɓi takardar gargaɗi, na kuma yi wata guda ina ɗaure kwalaye tare da sababbin ɗauka. Ban yi ƙorafi ba, na cancanci hakan.

Don haka doka doka ce, ko wa ya yi muku hawaye kada ku ba shi tuƙi. Amma abin da ya fi zauna mini shi ne wannan. Duk kayan da suka fito daga gidan iyali, sunan mutum ɗaya za ku gani a takarda, shi zai yi ta bayani, shi zai sa hannu. Kafin ku ce to, ku juya ku dubi wadda ta yi shiru a gefe, don wataƙila ƙafarta ce a kan birki.