Fuskar da Cyril Tebbutt Ya Ara wa Makiyayi

Cyril Tebbutt bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Shekara ashirin da shida suna tare da matarsa Muriel a wani ɗan gida a yammacin Landan, ko ƙofa bai taɓa bugawa da ƙarfi ba. Aikinsa fentin bangon katako ne a gidan talabijin: yau ya zana ɗakin asibiti, gobe a ce ya mayar da shi kurkuku. In ya dawo sai ya zauna a kujerarsa kusa da murhun ɗumama falo, ya zuba ido. Kuma fa Allah ya ba shi ido. Zai gane an matsar da butar shayi, zai gane takalmin Muriel ya jiƙe alhali ba ta ce za ta je ko'ina ba. Ba ya faɗa, cewa kawai yake yi, "Ashe kin fita." Shi a ganinsa kulawa ce, har alfahari yake yi da ita, bawan Allah.

'Yan shekaru bayan yaƙin duniya na biyu aka shirya wani wasan kwaikwayo kan ƙasar da mutum ɗaya ya mallake, ana ce masa Makiyayi. Ba a ganinsa, hotonsa ne kawai rataye a kowane ɗaki. Mai shirya wasan ya rasa fuskar da zai sa, don jama'a sun san 'yan wasan kaf. Sai ya hangi Cyril a kan tsani da burushi a hannu.

"Kai, mai gashin baki, sauko! Kar ka yi murmushi, kar ka ɓata rai. Kalli gilashin kyamarar nan kamar yadda kake kallon matarka."

Cyril ya yi dariya, sannan ya kalla. Mai ɗaukar hoton ya ɗago kai a hankali ya ce guda ɗaya ya isa.

A layinsu Misis Oddie kaɗai ke da akwatin talabijin, kuma ba ta bari a manta. Ranar Lahadi da yamma, da za a nuna wasan, mutum goma sha huɗu suka cika falonta, ana zagayawa da shayi da biskit.

"A ba tauraro wuri," in ji ta. "Muriel, riƙe mijinki da kyau, daga yau 'yan mata za su fara rubuto masa."

Aka kwashe da dariya, aka kashe fitila. Sai ga fuskar Cyril ta cika gilashin akwatin. Ba ta motsi, ba ta ƙifta ido, amma na gefen taga ya ga shi take kallo, na bakin ƙofa ma haka. Cokula suka daina ƙara. A wasan akwai wata mata da kullum safiya take tsayawa gaban hoton, wata murya ta tambaye ta lafiyarta. Sai ta naɗe hannayenta cikin ƙyallen girkin da ta ɗaura, ta yi murmushi, ta ce, "Lafiya lau, ba abin da ke damuna." Lungu ɗaya take da shi a gidan, bayan ƙofa, inda idon hoton ba ya kaiwa. Can take karanta wasiƙa, can take kuka.

Cyril ya juya zai kashe wa Muriel ido. Ba akwatin take kallo ba, cinyarta take kallo. Da aka kunna fitila babu wanda ya sake tsokanarsa. Misis Oddie ta yaye mayafin tebur ta rufe akwatin ruf. A hanyar gida Muriel magana ɗaya ta yi.

"Hoton ya yi kai sosai."

A makon nan garin ya ɗauka. Jaridu suka yi ca, wasu na cewa a hana maimaita wasan ranar Alhamis. Kwandastan bas ya miƙa wa Cyril tikiti yana kau da kai. Mahauci kuwa ya ɗaga hannu biyu yana cewa, "Ranka ya daɗe, wallahi ni ban ce komai ba!" Duk wannan bai dame shi ba. Maganar Muriel ce ta tsaya masa a maƙogwaro, don so yake ya san me take nufi, kuma yana tsoron sani.

Ranar Alhamis da safe bai je aiki ba. Da Muriel ta tafi kasuwa sai ya zauna a kujerarsa, ya duba abin da ake gani daga nan. Ana ganin ƙofar waje da matakalar bene. Ta madubin saman murhu ana ganin kicin, kuma shi ya kafa madubin da hannunsa. Wuri ɗaya ne ya ɓuya, bayan ƙofar kicin, tsakanin famfo da akwatin kwal. Ya tashi ya je.

Ledar ƙasa a nan ta goge har ta yi fari, sawun ƙafa biyu kusa da juna. A kan wata kanta akwai gwangwanin biskit cike da wasiƙu, rubutun 'yarsu Hilda, wadda ta tafi Kanada tana da shekara goma sha takwas, wadda shi katin Kirsimeti kawai take aiko masa. Bai karanta ba. Ya mayar da gwangwanin yadda ya same shi, ya koma ya zauna.

Muriel ta shigo, ta rataye kot, ta ɗaura ƙyallen girki.

"Muriel," ya ce, "tsorona kike ji?"

Ta tsaya. Ta naɗe hannayenta cikin ƙyallen, ta yi masa murmushi.

"Lafiya lau, Cyril. Ba abin da ke damuna."

A ranar ya aske gashin bakinsa, ya sauke madubin, ya juya kujerar ta fuskanci bango. Shekara goma sha tara ya ƙara a duniya yana kallon ƙasa in ana magana da shi, kuma bai sake cewa "ashe kin fita" ba. Ya so ta lura, ya so ƙwarai.

Mako biyu bayan an binne shi, Misis Oddie ta leƙo da rana da kwanon miya. Falon fayau, ba kowa, kujerar na kallon bango. Ta sami Muriel tsaye a bayan ƙofar kicin tana karanta wasiƙar Hilda.