Ja'afaru Gubuchi da Waƙar Matan Janfalan

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 10 ga Maris, 1964, Allah ya karɓi ran abokin aikina a gidan rediyo, Malam Ja'afaru Gubuchi, bayan jinyar kwana tara.

Ja'afaru, na so in rubuta yabonka zalla, amma ka san ni ba na iya ɓoye haushi. Ka ba ni wahala kana raye, ka tafi ma ba ka bar ni na huta ba.

Tsarin gidanmu a rubuce yake: rabin awar yamma ta makaɗan fada ce da masu gogen birni. Kai kuwa ka saɓi na'urar ɗaukar murya mai nauyin tsiya, ka nufi Janfalan, ka tarar da mata suna daɓen sabon ɗaki, Inna Hajo tana ba da waƙa suna amsawa. Ka ɗauka. Na ce maka, "Malam, waƙar daɓe ta cikin gida ce, maza ba sa tsayawa su ji. Saurare ta da kyau kafin ka sa." Ka ce zaƙin muryar ya ishe ka.

Ka sa ta ranar kasuwar Makarfi, jama'a sun cika gaban rediyon mai shayi. Ashe a tsakiyarta matan sun jero sunayen mazan garin da ciyawa ta cinye wa gona. Wani Tanko mutumin Janfalan yana cikin cinikin maraƙi ya ji nasa. Wata uku ba a amsa sallamarka a Janfalan ba, a ofis kuma aka ba ka takardar gargaɗi. Ni na goya ka a keke gida-gida kana ba da haƙuri.

Ka daddara? Ina. Sai ga sarewar Bobbo, wani makiyayi a Kudan, sai ga gangar noma daga Dandamisa. Duk wanda ka ɗauka, ba ka tashi sai ka kunna masa ya ji kansa. Bobbo sau huɗu ya sa ka maimaita, ka zauna a rana ka yi masa. Manoman da ba su taɓa sayen kan sarki ba suka fara aiko mana da wasiƙu.

Kashegarin rasuwarka shugaban sashe ya miƙo mini tef ɗinka guda bakwai, wai in goge, za a ɗauki jawabai a kai. Inna Hajo ta rasu da daminar bara, kuma nan kaɗai muryarta ta rage. Ban goge ba. Bayan na karanta sanarwar rasuwarka, na sa waƙarta a filin makaɗan fada. Na dai yanke sunayen, ni ba kai ba ne.

Yanzu ga takarda a aljihuna, ana nemana a ofis ranar Litinin. Tun da na fara aiki ba a taɓa kirana kan laifi ba, kuma 'ya'yana biyar. Tsoro nake ji, wallahi. Ka ga abin da ka jawo mini. Za su tambayi tef, zan ce na damƙa wa iyalinka a Gubuchi, abin da za su yi su yi.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ina yi wa maiɗakinka Fatsuma ta'aziyya, da 'ya'yanka Uwaisu da Ummuhani, da jama'ar Gubuchi baki ɗaya. Allah ya ba mu haƙuri, ya kyautata tamu in ta zo.

Tukur Makarfi