Bishiyar Yazawar da Malam Ganye Ya Sare

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, wanda ya shirya da wanda bai shirya ba. Ranar Laraba, tara ga watan Afrilu, da hantsi, Allah Ya karɓi ran ƙanena, wanda ɗalibansa suka laƙaba wa Malam Ganye har laƙabin ya danne sunansa. Ya rasu a asibiti, a ɗakin masu ciwon zuciya, a gadon da ke bakin taga. 'Yarsa Auta tana riƙe da hannunsa, ni kuma ina kan kujerar roba ina jiran likita ya shigo ya ce da sauƙi. Ni na goya shi yana jariri. A tsarin da na yi wa kaina, shi ne zai tsaya a kan gawata, amma ba a yi shawara da ni ba.

Ƙanena, yau zan yi maka magana ba tare da ka katse ni ba, abin da ban taɓa samu ba tun da ka iya baki.

Ka ƙare aikinka kana koyar da ilimin tsirrai a makarantar sakandare, ni na ƙare nawa ina girki a otal har gwiwa ta ce ta gaji. Marigayiya matarka ta sha yi mini ƙorafi cewa ba ta taɓa wanke rigarka ba ta tarar da kuɗi a aljihu. Kullum ganye, ko fure da ya mutu, ko wani iri da ka tsinta a gefen kwata. Idan muna tafiya da kai a titi, tafiyar da ba ta kai ta kawo ba sai ta zama yini, domin kowace ciyawa sai ka tsaya kun gaisa.

Gardamarmu guda ɗaya ce, mun tsufa muna yin ta. A madafata ta otal akwai kanta ɗaya da nake jera gyaɗa, da kashu, wato ƙwallon yazawa, da almon, da kankararriyar kwakwa. A wurin mai girki duk ƙwaya ne, tafiyarsu ɗaya: abu ne mai ɓawo da maiƙo, a fasa shi, a soya, a barbaɗa a kan kek ko a niƙa a zuba a miya. Kai kuwa sai ka shigo ta ƙofar baya, hannu a goye, ka tsaya kana kallon kantar nan kamar wanda ya tarar an kwantar da baƙi huɗu a gado ɗaya.

"Yaya, kin san a cikin waɗannan babu mai gaida ɗan'uwansa?"

Daga nan sai karatu. Gyaɗa 'yar gidan wake ce, fure take yi a sama sannan ta sunkuya ta binne 'ya'yanta a ƙasa. Kashu iri ne da ke lilo a ƙarƙashin yazawa, kuma gidansu ɗaya da mangwaro. Almon cikin ƙwallon wani ɗan itace ne. Kwakwa ma ka ce ba a nan take ba. Ƙwaya ta gaskiya, wadda masana suka yarda da ita, ita ce mai ɓawo mai tauri wanda ba ya tsagewa don kansa, iri ɗaya tak a ciki. Kana da irinta a kwalba a kan teburinka, wani tsohon ɗalibinka ya kawo maka daga ƙasashen sanyi, ba ka yarda an ɗanɗana ko ɗaya ba har suka bushe suna ƙara kamar tsakuwa. Ni kuma in ce maka in dai gyaɗa wake ce, ka zauna in dafa maka ita da shinkafa ka cinye a gabana. Ka yi dariya, ka cika tafinka da kashun otal, ka fita kana taunar abin da ka gama ƙaryatawa.

Saninka bai tsaya a baki ba, wannan ko maƙiyinka zai shaida. Akwai rumfar kwano a bayan tashar mota inda mata ke fasa kashu. Man da ke cikin ɓawonsa ƙuna yake yi, hannuwansu duk sun saɓule, wasu ba sa iya riƙe cokali. Ranar da ka gani, ka kasa cin abinci. Ka saya musu safar hannu da albashinka, ka nuna musu su riƙa shafa mai kafin su taɓa ɓawon, ka dinga zarya wurin mai rumfar har ya gaji da ganinka ya buɗe musu taga hayaƙi ya samu hanya. Sun zo zaman makoki, sun tsufa kamar ni. Ɗayarsu ta buɗe mini tafin hannunta kawai, ya warke sumul.

Na tuna da akuyar maƙwabcinka mai walda, wadda ta cinye dashen da ka jera a bakin layi. Kowa ya zuba ido a ga faɗa. Ka je ka yi sallama, ka ce ba ƙara ka kawo ba, ka zo ne ka gaya masa biyu daga cikin abin da ta ci suna kumbura ciki, ya ba ta ruwa da yawa. Mutumin nan ya rasa inda zai sa fuskarsa. Shi ya kewaye sabon dashen da ƙarfe, kyauta. Da mijina ya rasu kuwa, duk ƙarshen mako kana gidana da akwatin kayan aiki, kana gyara abin da bai lalace ba. Famfon da ka taɓa har yau ɗiga yake yi. Ban kira mai gyara ba.

To, yanzu sai maganar da kowa ya yi ta kewayewa a zaman makoki. Ni na wuce shekarun kewaye-kewaye.

Ɗanka na fari, wanda muke ce wa Injiniya, Allah Ya ba shi 'ya mace, jikarka ta farko. Tun tana rarrafe ba ta da wurin zama sai cinyarka. Kai ka sa mata 'Yar Ƙwaya, ita kuma ta mallake maka tabarau da hula. Tana 'yar shekara uku ta ci gyaɗa, jikinta ya yi ruɗu-ruɗu. Likita ya ce jininta ba ya karɓa, a kiyaye ta da gyaɗa, da kashu, da almon, duk a haɗa. Iyayenta sun gaya maka, ba su ɓoye ba, ba su kuma yi kwana-kwana ba. Kai ka ji, amma ka auna maganar da ma'aunin ajinka. Ka ce mini likitan nan ya yi irin tawa, ya jera baƙi a kanta ɗaya. Gyaɗa dai an yarda, amma me ya haɗa ta da kashu, ɗan gidan mangwaro, ga yarinya tana shan mangwaro har gwiwar hannu ba abin da ke samun ta? Wallahi da ka faɗa, maganar ta zauna daram. Duk maganarka haka take zama.

Wata Asabar suka bar ta a wurinka. Ka gasa kashu daga bishiyar tsakar gidanka, wadda ka dasa shekarar da aka haifi ubanta. Ta tsaya a gabanka tana miƙo hannu tana cewa Kaka. Ka ɓare ka ba ta. Kafin ka share tokar, leɓɓanta sun kumbura, numfashinta ya koma fito. Allah Ya sa da sauran kwana, likitoci suka ceto ta. Babbansu ya gaya maka a bakin ƙofa, ba da faɗa ba, cewa yaron da jininsa ya ƙi ɗaya sau da yawa yakan ƙi ɗayan, jiki ba ya tambayar gidan da tsiro ya fito.

Ba zan wanke ka ba, ƙanena, ko da kana kwance a ƙasa. Ka yi kuskure, kuskure irin na wanda ya san abu sosai har ya ɗauka ya san na kusa da shi. Kai ma ba ka taɓa wanke kanka ba. Da aka sallamo ta, ka ari gatari wurin mai walda, ka hana kowa taya ka, ka sare bishiyar nan kai kaɗai. Man ɓawon da ka tattara ya saɓule maka hannu, kai da ka koya wa mutane yadda za su kiyaye shi. Daga ranar ba ka ƙara sa kashu ko gyaɗa a bakinka ba, ba ka ƙara gyara wa kowa magana ba. Na taɓa ce wa kwakwa ƙwaya a gabanka da gangan, don in ji ka yi musu. Ka ce, "Haka ne, Yaya." Ranar na san an yi mini ɓarna.

Abu ɗaya ka roƙa, a bar ka ka riƙa ganin yarinyar, ko a gaban iyayenta, ko hannunka a aljihu. Ka je gidan, mai gadi ya ce ba sa nan, alhali motarsu tana ciki. Ka koma, surukarka ta yi maka magana ta taga cikin ladabi, irin ladabin da ya fi zagi ciwo. Da ta shiga makaranta, ka riƙa tsayawa a tsallaken titi lokacin tashi, ƙarƙashin allon talla, don kawai ka ga an sa ta a mota. Injiniya ya kira ka ya ce ka daina, kana tsorata uwarta. Ka daina.

Na je da kaina. Na zauna a falonsa mai sanyi, aka kawo mini lemo a kan faranti kamar baƙuwa, ni da na wanke masa kashi. Na ce ubanka ne, ya yi laifi, ya san ya yi, me ya rage?

"Goggo, ba ki ga fuskarta ba a ranar."

Na ce ban gani ba, amma ina ganin fuskar ubansa kullum. Ya ce a ba su lokaci. Ban zargi uwar yarinya ba a shekarar farko, ko ta biyu. Wadda ta ga 'yarta tana neman numfashi tana da haƙƙin ta ji tsoro. Amma tsoro yana da wa'adi. Abin da ya wuce wa'adin nan ba tsoro ba ne, horo ne, kuma ɗa ba ya horon ubansa har yarinyar da aka raba su tana 'yar shekara huɗu ta shiga sakandare. Kuɗin magani bai taɓa yankewa ba, in faɗi gaskiya. Duk wata yana aikowa. Kai kuwa ba shi kake jira ba.

Da ciwo ya kwantar da kai, Auta ta kira yayanta ta ce likita ya ce a zo. Ya zo shi kaɗai, da katan ɗin madara. Na ga idonka ya wuce shi ya tsaya a bakin ƙofa, yana jiran wani ya biyo baya. Ya ce yarinyar tana jarrabawa, da zarar an gama zai kawo ta. Ka ce masa gaskiya ne, kada a raba mata hankali, karatu ya fi. Ka juya fuska wajen taga. Jarrabawar ba ta ƙare ba sai bayan ka ƙare.

Sun kawo ta zaman makoki. Doguwa, siririya, goshinka sak, tana zaune a bakin tabarma tana wasa da igiyar jakarta. Ba ta san kowa ba, ba wanda ya san abin da zai ce mata. Da mata suka ragu, ta matso kusa da ni, ta tambaye ni a hankali ko ni ce yayar mamacin. Na ce ni ce.

"An ce shi ne ya ba ni abin da ya kusa kashe ni."

Wannan ne kaɗai abin da aka ajiye mata game da kai. Na ce mata shi ne. Na ce shi ne kuma ya saɓa ta a kafaɗa, da ya ga babu mota a layin, ya yi gudu da ita a kan kwalta har asibiti, ba takalmi, tsoho da furfura, kuma tun daga gudun nan zuciyarsa ba ta ƙara zama daidai ba. Ta ce ba a taɓa gaya mata wannan ba. Sannan ta tambaya ina ne ɗakinsa, tana so ta gani. Na yunƙura zan tashi, gwiwa tana ba ni wahala, sai direbansu ya danna oda a waje, uwarta ta leƙo ta ce dare zai yi musu a hanya. Ta tashi ta bi ta. Ba ta ga ɗakin ba.

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka. Ka san abin da ya shuka da abin da ya sare, Ka san kuskurensa, Ka san kuma tsawon biyan da ya yi. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi. Ka haɗa shi da matarsa da iyayenmu a Aljanna, inda ba a tsayar da kowa a bakin ƙofa.

Ina yi wa Auta ta'aziyya, ita da ta ajiye aikinta ta yi jinyarsa. Allah Ya ba ki masu yi miki. Ina yi wa ɗalibansa, da maƙwabtansa, da matan rumfar kashu. Ina yi wa jikarsa, wadda ta yi rashi tun kafin a yi mutuwar. Ina yi wa surukarsa, Allah Ya sanyaya mata. Kai kuma Injiniya, ɗana, ina yi maka ta'aziyya fiye da kowa. Mu mun yi kukanmu mun gama. Naka bai zo ba tukuna, kuma ranar da zai zo babu wanda za ka je wa ka ce ya yafe maka. Allah Ya ba ka ƙarfin ɗaukarsa. Mu kuma da muka rage, Allah Ya kyautata namu ƙarshen.