Wanda Ya Yanka Ragon Sunan 'Yata

Edita, na daɗe ina jinkirin rubuto wannan, domin ni mutum ne mai tsoron in faɗi magana a fahimce ta a karkace. A shekarun da kuɗin man fetur suka fara shigowa, gwamnati na ta buɗe makarantu, na gama jami'a aka turo ni Daura koyarwa. Ni Bahaushe ne Kirista, daga wani ƙauye a kudancin ƙasar Katsina, kuma a lokacin ban daɗe da aure ba. Muka kama haya a wata unguwa da ba ta da nisa da rijiyar Kusugu. Ina da sabon babur da albashi mai kyau, amma kullum a ɗarare nake. Ba wanda ya taɓa muzanta ni, gaskiya, sai dai ni ne nake auna kowace gaisuwa kafin in yi ta.

Kiristocin garin ba mu da yawa, galibi ma'aikata ne da aka turo daga nesa. Ran Lahadi muna taruwa a wani ɗaki a bayan gari, ni nake yin karatun Littafi Mai Tsarki. Shugabanmu wani dattijo ne ma'aikacin asibiti, muna ce masa Baba. Tun yana saurayi danginsa suka kore shi saboda bangaskiyarsa, kuma ina jin wannan ne ya sa ba ya ɗaukar sassauci a kan komai. Ina girmama shi ƙwarai, har yau ma.

Matata ta haihu damina ta kankama, hanyar ƙauyenmu ta yanke, surukata ba ta samu zuwa ba. Ban san yadda ake riƙe jinjiri ba, balle kula da mai jego. Sai ga mahaifiyar maƙwabcinmu, wani malami mai karantar da magidanta a zaurensa, ta shigo ba wanda ya kira ta. Ita ta riƙa dafa ruwan wanka safe da yamma, ta dama kunun kanwa, ta gasa cibiyar jaririya. Tana kiran matata 'yarta, ni kuwa ta ce in ɗauke bokona in ba mata wuri, tunda ba a koya mana hura wuta a jami'a ba.

Da suna ya matso na sayo rago daga wajen Sandamu. Matata ce ta tuna mini cewa bisa al'ada Inna, haka muke kiran tsohuwar, tana da rabonta a ragon, haka ma matan da suka yi ta kawo mana tuwo. Na ji wasu malamai na cewa yankan Kirista ya halatta ga Musulmi, ban san zurfin maganar ba, amma na san mutanen unguwarmu ba su saba ba. In ɗayanmu ya yanka, za su karɓa da fara'a don kada mu ji kunya, su kai gida su rasa yadda za su yi da shi. Na ce wa Baba ina so in roƙi maƙwabcina ya yanka. Ya dube ni ya ce yau wuƙa zan miƙa musu, gobe kuma 'yar. Ya ce in na yi haka ba zai zo ya yi wa jaririya addu'a ba, kuma ba zan ƙara tsayawa gaban jama'a in yi karatu ba.

Ban iya bayyana irin damuwar da na shiga ba. Wannan ƙaramin taro su ne dangina a garin, kuma ban taɓa ganin an raɗa wa ɗan Kirista suna babu dattijon ikkilisiya a wurin ba. Na yi ta tambayar kaina ko tsoron mutane ne nake yi wa ado da sunan ƙauna. Na yi addu'a, na sake yi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne Ubangijinmu ya nuna cewa da ƙauna za a gane masu binsa, kuma na kasa gano inda ƙaunar take in matar da ta sha hayaƙi saboda iyalina za ta tashi da naman da ba za ta iya ci ba.

Na je zauren malam na yi sallama, na yi ta kewaye-kewaye har ya yi dariya ya ce malamin boko, in aron jaki na zo yi in faɗa. Da na faɗi buƙatata ya ce zai yanka da sunan Allah kamar yadda ya saba, amma iyakarsa ke nan. Wuƙa tasa ce, suna da addu'a nawa ne, ba zai sa baki ba, ni ma kada in ji nauyin yin abina a gabansa.

Haka aka yi. Da hantsi ya yanka ragon a ƙofar gida. Baba bai zo ba, amma wasu daga cikin 'yan'uwa na ikkilisiya sun zo da matansu. Da na ga ba mai yi wa jaririya addu'a, sai na ɗauki 'yata na tsaya tsakar gida, na yi addu'a cikin sunan Yesu da murya mai ƙarfi, na faɗi sunanta. Ni da ban taɓa ambaton bangaskiyata a unguwar ba, ran nan kowa ya ji. Maƙwabta suka ce Allah ya raya, Inna ta rangaɗa guɗa. Da yamma ta aiko jikarta ta ce romon ya yi, sai dai na yi rowar yaji.

Na ɗauki cinya da goro na kai wa Baba da kaina. Ya mayar da naman, ya karɓi goron, ya tambayi lafiyar mai jego. Ya cika maganarsa, an ba wani karatu, na koma bencin baya. Matata ta so mu daina zuwa, na ƙi, domin in na ƙaunaci maƙwabta na tsani Baba, ban yi komai ba. Har aka yi masa canjin wurin aiki ba mu daidaita a kan maganar ba, amma ban fasa zuwa gaishe shi ba, shi ma bai taɓa hana ni shiga ba.

Ba na cewa kowa ya yi yadda na yi, wataƙila wani wurin da wani halin ya bambanta. Amma a rayuwata mai cike da ɗari-ɗari, wannan ne abu guda da nake tunawa in ɗaga kai. Ina jan kunnen 'yan'uwana matasa da aiki ke kai su cikin mutanen da ba addininsu ɗaya ba: kada ku ɗauka nesanta kai shi ne riƙon bangaskiya, kada kuma ku ɓoye ta don a so ku. Ku faɗi sunan wanda kuke bi a fili, sannan ku tabbata wanda ya yi muku wahala zai iya cin abincin gidanku.