Baba Ma'auni da Fararen Riguna

Ranar Talata, tara ga watan jiya, Allah Ya karɓi ran tsohon mai kula da ɗakin gwajinmu a sashen kimiyyar sinadaran masana'antu, wanda ɗalibai ke kira Baba Ma'auni, bayan jinyar kwana shida.

Baba, ba ka da yawan magana. Wanda ya fasa kwalba sai ka miƙa masa tsintsiya, ka ɗauko masa wata, shi ke nan.

Shekara uku da suka wuce, hukumar makaranta ta ce in kawo shaidar cewa masana'antun sabulu da fenti na ɗaukar ma'aikata, in ba haka ba a rufe ɗakin gwajinka. A matsayina na shugaban sashe, na tara tallan neman ma'aikata daga jaridu da intanet, har ɗari biyu da ɗoriya. Ka duba, ka turo min takarduna, ka ce:

"Ranka ya daɗe, talla ba ɗauka ba ce. Wannan gurbin sau huɗu suka buga shi, kuma har yau kujerar ba kowa."

Sai ka nufi shagon telan da ke ɗinka wa masana'antun nan fararen riguna. Duk sabon ma'aikacin ɗakin gwaji, sai an auna shi an ɗinka masa biyu da sunansa a aljihu. Wata guda kana zaune kan benci cikin ƙyallaye kana bin littafin awo, shekara bayan shekara. Na yi maka dariya, na ce ko koyon ɗinki za ka fara.

Mutum talatin da ɗaya ka samu a shekara biyar, kuma kowace shekara raguwa suke. Na roƙe ka mu miƙa nawa lissafin. Ka ce, "Yaran nan fa iyayensu da wannan takardar za su zaɓa musu karatu."

Naka muka miƙa. Aka rufe ɗakin, aka sallame ka saura shekara biyu ka yi ritaya. Ban taɓa jin ka yi ƙorafi ba. Ni kuwa na daɗe ina jin haushinka, kuma yau ina jin kunyar hakan.

Ina miƙa ta'aziyya ga mai ɗakinka da 'ya'yanka huɗu, Allah Ya ba su haƙuri. Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka, Ya yafe maka kurakuranka. Ni ma Ya yafe min abin da na roƙe ka ka yi.